Ana cire mini kuɗin SSNIT, amma wata 14 babu su a sitatimen: ina zan dosa?

Tambayar ta fito ne daga wata malama da ke koyarwa a makarantar kuɗi a Asawase, nan Kumasi. Ta ce shekararta shida a makarantar, gundarin albashinta sidi 1,800, kuma duk wata ana cire mata kuɗin SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana. Da ta je aka buga mata sitatimen, wato takardar da ke nuna kuɗin da suka shiga da sunanta, sai ta tarar da wata 14 fayau, babu ko kwabo. Tiya 2 kuwa, wato mataki na biyu na fansho, ko sunan kamfanin da ke riƙe da shi ba ta sani ba. Ta tuntuɓi akanta, ya ce mata ana kan gyarawa. Tana son ta san inda kuɗin suka maƙale, da yadda za ta bi sawunsu ba tare da aikin ya suɓuce mata ba.

Malama, sannu da haƙuri. Kafin ki ɗaga murya a ofishin kowa, ki fara sanin adadin abin da kike nema da kuma aljihun da ya kamata ya shiga, domin aljihu biyu ne, kuma kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasa masa.

Dokar fansho ta 2008, wato Doka ta 766, wadda ta fara aiki a Janairun 2010 aka kuma yi mata gyara a 2014, ta ce a tara wa ma'aikaci kashi 18.5 cikin ɗari na gundarin albashinsa duk wata. Kashi 5.5 daga albashinki ake cirewa, kashi 13 kuma mai makaranta ne zai fitar daga nasa aljihun, kuma doka ta hana shi ya zagayo ya cire nasa kason daga albashinki. Idan an haɗa sai a raba biyu: kashi 13.5 ya tafi SSNIT, shi ne mataki na ɗaya mai biyan fansho wata-wata. Kashi 5 ya tafi mataki na biyu, wanda kowa ke kira Tiya 2, inda kamfanin amintattu mai lasisin NPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho, ke juya shi har ranar da za a ba ki a dunƙule. A kan sidi 1,800, naki 99 ne, na mai makaranta 234, jimla 333. SSNIT za ta karɓi 243, daga ciki ta miƙa 45 ga hukumar inshorar lafiya, Tiya 2 kuma ya karɓi 90. Idan albashin bai canza ba a waɗannan watanni 14, ana bin makarantar sidi 3,402 a SSNIT, da 1,260 a Tiya 2 idan can ma ba a biya ba. A cikin wannan kuɗi, sidi 1,386 guminki ne da aka riga aka cire. Doka ta ɗauki abin da aka cire a matsayin amana a hannun mai aiki har sai ya kai shi inda aka ce. Ba jarin makaranta ba ne da za a sayi bulo da shi a ce sai an karɓi kuɗin zango mai zuwa.

Wa'adin biya kwana 14 ne bayan ƙarewar wata. Kuɗin Fabrairu, alal misali, ya kamata su shiga kafin 14 ga Maris ta wuce. Wanda ya makara ana ɗora masa tarar kashi 3 cikin ɗari a kowane wata, kuma tarar a wuyansa take, ba a wuyanki ba.

To, yanzu ga inda mutane da yawa ke yin kuskure. Wata fayau a sitatimen ba kullum yake nufin an cinye kuɗin ba. Ki ɗauki sitatimen ɗin ki dubi yadda ramukan suka jeru, domin jerinsu kan faɗi irin cutar.

Idan wata ɗaya ko biyu na ƙarshe ne kawai babu, wannan sau da yawa jinkirin shigarwa ne, ki ba shi ɗan lokaci. Idan watannin farkon aikinki ne babu, mai yiwuwa an ce miki kina gwaji shi ya sa ba a yi miki rajista ba. Wannan hujja ba ta da gindi: gudummawa na farawa ne daga watan farko da aka biya ki albashi, gwaji ko ba gwaji. Idan kuma ramukan na faɗowa a watan dogon hutu duk shekara, tambayar ita ce ko an biya ki albashi a watan. In an biya, dole a biya SSNIT. In ba a biya ki komai ba, babu abin da za a cire. Haka hutun haihuwa: Dokar ƙwadago ta 2003, Doka ta 651, ta ba mace aƙalla mako 12 da cikakken albashi, don haka watannin jego bai kamata su zama rami ba.

Wanda ya fi rikitar da mutane shi ne kuɗin da aka biya amma ba su sauka a kan sunan mai su ba. Mai aiki abu biyu yake kai wa SSNIT duk wata: kuɗin, da rahoton gudummawa, wato jerin sunayen ma'aikata da lambar kowa da albashinsa. Kuɗin a dunƙule suke shiga, rahoton ne ke gaya wa kwamfuta ta raba su. Idan akanta ya biya bai kai rahoto ba, ko ya kai amma ya tsallake sunanki, ko ya yi kuskuren harafi ɗaya a lambarki, kuɗin sai su tsaya a asusun jiran gano mai shi, ko su faɗa kan wani. A nan Zango wannan ya fi yi mana illa saboda yadda ake rubuta sunayenmu. Mace ɗaya ce, a takardar haihuwa Ayishetu, a takardar kwaleji Aisha, a katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, Aishatu, a littafin albashi kuma an ƙara mata sunan miji. Zenabu da Zainab, Memuna da Maimunatu, Fuseini da Husaini, Abdulai da Abdullahi, duk haka. Ga kuma wanda ya yi rajista tun yana hidimar ƙasa ko a wani tsohon wurin aiki, ya manta lambar, ya zo sabon wuri aka sake yanka masa wata. Kuɗinsa na nan, sun rabu ne a lamba biyu. Tun 2021 SSNIT ta fara haɗa tsofaffin lambobinta da lambar Ghana Card, ta hanyar danna *711*9# ko zuwa ofis, kuma yanzu lambar katin ce lambar mutum. Duk wanda bai haɗa ba, ko sunansa ko ranar haihuwarsa suka saɓa tsakanin wuraren biyu, yana iya ganin sitatimen da bai cika ba.

Saboda haka tambayar farko da za ki yi a ofishin SSNIT ba "me ya sa aka ci kuɗina" ba ce. Ki je da Ghana Card da tsohon katin SSNIT in yana nan, ki ce a duba miki abu uku: ko akwai wata lamba ta biyu da sunanki ko mai kama da shi, ko makarantar ta kawo rahoton waɗannan watanni kuma sunanki na ciki, da kuma ko ta biya kuɗin rahoton. Ki nemi lambar rajistar makarantar a SSNIT tun daga wurin akanta, domin da ita ake buɗo fayil ɗin mai aiki cikin sauri. Amsar waɗannan uku ita ke raba hanya. An biya, lamba ce ta karkace: gyaran takarda ne, makaranta ta rubuto wasiƙar gyara da rasit ɗin biya, SSNIT ta mayar da kuɗin kanki. An kawo rahoto ba a biya ba: bashin ya riga ya zauna a littafin SSNIT, saura karɓa. Ba rahoto, ba biya, ko kuma an kawo rahoton babu sunanki: nan ne aiki yake, domin sai an tabbatar kin yi aiki a watannin kuma an biya ki.

Wannan tabbatarwar ce ta sa nake cewa ki tattara shaidarki tun kafin kowa ya san kina bincike. Ki samu takarda mai layi ki ja gida biyar: wata da shekara, gundarin albashi, abin da aka cire, abin da sitatimen ya nuna, da shaidar da kike da ita ta watan. Ki cika ta tun daga watan da kika fara aiki, ba watanni 14 kaɗai ba, za ki ga dalili nan gaba. Takardar albashi ita ce sarauniyar shaida, sai takardar ɗaukar aiki. In makarantar ba ta bayar da takardar albashi, kamar yadda yawancin ƙananan makarantu ke yi, sitatimen na banki ko na MoMo, wato asusun kuɗi na waya, zai nuna ranar da kuɗi suka shigo da wanda ya turo. Lissafin ma da kansa shaida ne: idan yarjejeniya 1,800 ce, abin da ke shigowa kuma ya yi daidai da 1,800 bayan an cire 99 da haraji, to an cire ɗin ke nan. In a hannu ake biya ana sa hannu a littafi, ki ɗauki hoton shafin duk ranar da kika sa hannu. Littafin halarta, littafin shirin darasi da hedimasta ya sa wa hannu da kwanan wata, katin shaidar aiki, saƙon WhatsApp da akanta ya ce miki ana kan gyarawa, kada ki raina ko ɗaya. Ki yi kwafi, asalin ya zauna a gida. Kada ki taɓa miƙa wa kowa asalin takarda, ko a wane ofis ne.

Daga nan sai ki rubuta wa mai makaranta. Na san al'adarmu, za a ce ai a bi ta hannun liman ko wani babba a unguwa, musamman idan mai makarantar ɗan'uwa ne ko tare ake salla. Ba laifi a yi hakan, sau da yawa ma ya fi saurin aiki. Amma a haɗa da takarda, domin maganar zaure ba ta shiga fayil. Wasiƙar gajera ce, babu zargi a ciki: ga watannin da babu su a sitatimen, ina roƙon a ba ni kwafin rahoton gudummawa da rasit na waɗannan watanni, da sunan kamfanin da ke riƙe da Tiya 2 da lambata a can, cikin mako biyu. Ki yi kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan naki. Wanda ya biya da gaske zai fito da rasit cikin kwana biyu, don yana cikin fayil. Wanda ya fara kawo labarin iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba, kin samu amsarki.

Idan wa'adin ya wuce shiru, ki koma reshen SSNIT da makarantar ke ƙarƙashinsa ki shigar da ƙorafi a rubuce, ki nemi ganin jami'an da ke bin masu aiki. Su doka ta ba ikon shiga wurin aiki su buɗe littafin albashi, su lissafa bashin da tararsa, su aika takardar neman biya. Mai aiki na iya zama da su a tsara masa biya kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, SSNIT na gurfanar da shi a kotu, domin ƙin biyan gudummawa laifi ne mai tara ko ɗauri, kuma idan kamfani ne daraktocinsa ba sa ɓuya a bayan sunan kamfanin. Ba ke za ki ɗauki lauya ba, SSNIT ce mai ƙara. Ki karɓi shaidar cewa an karɓi ƙorafinki, ki rubuta sunan jami'in da ranar, ki riƙa leƙawa duk bayan mako uku ko huɗu. Fayil ɗin da mai shi ke zuwa gaishe shi ya fi motsi.

Game da tsoron kora: ki faɗa wa jami'in tun farko cewa ba kya son sunanki ya fito. Binciken da suke yi na littafin albashin ma'aikata duka ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma da wuya a ce ke kaɗai aka tsallake. Sai dai gaskiya, in kin riga kin rubuta wasiƙa, ba sai an yi duba ba za a san daga inda iskar ta taso. Don haka ki auna: in kin san mai makarantar mai riƙo ne, ki tsallake wasiƙar ki tafi SSNIT kai tsaye, ko ku haɗu ku huɗu ko biyar kowa ya bugo sitatimen ɗinsa ku sa hannu tare. Doka ta 651 ta lissafa korar ma'aikaci saboda ya kai ƙarar mai aiki kan karya doka a cikin korar zalunci, kuma Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan. Kariya ce ta gaske, amma tana zuwa ne bayan an yi korar, shi ya sa taron ya fi.

Tiya 2 kuwa kada ki nemi labarinsa a sitatimen na SSNIT, ba ya fitowa a can. Mai aiki ne ke zaɓar kamfanin amintattu, irin su Enterprise Trustees, Petra, Glico Pensions ko Axis, ya yi wa ma'aikatansa rajista, ya riƙa tura jerin sunaye ga kamfanin, kuɗin kuma su tafi bankin da ke ajiyar asusun. Ƙananan makarantu galibi suna shiga babban asusun haɗaka ne da kamfanin ke gudanarwa. Da zarar kin samu sunan kamfanin, ki je ko ki kira su da Ghana Card ki nemi sitatimen wata-wata, ba jimla kawai ba, domin ribar da kuɗin suka yi kan rufe ramuka idan jimla kaɗai aka duba. A nan ne aka fi samun ɓarna, don masu aiki da yawa na tsoron SSNIT su biya ta, su yi watsi da kashi biyar ɗin. Shekara shida ba ki taɓa cike fom ba, ba ki taɓa samun saƙo daga kowane kamfani ba, wannan alama ce mai ƙarfi cewa ba a yi rajistar ba sam. In haka ne, abin da ake bin makarantar ya wuce na wata 14 nesa: sidi 90 sau wata 72 ya kama 6,480 idan albashin bai canza ba, ban da tara da ribar da kuɗin za su yi da an zuba su a kan lokaci. Ƙorafin wannan NPRA ake kai wa, suna da ofis a Kumasi, kuma su ma suna kai masu aiki kotu. Akwai kuma wani abu da ke faruwa: makaranta ta sauya kamfani, tsofaffin kuɗin suka zauna a na farko ba a ɗauko su ba. Ki tambaya ko an taɓa sauyawa. Wanda ya yi aiki a wasu wurare a baya shi ma ya bi kowane tsohon wuri ya ji kamfaninsu, doka ta ba shi damar tattaro kuɗinsa wuri ɗaya.

Akwai tayin da za a iya yi miki in magana ta yi zafi: a ba ki kuɗinki a hannu a rufe zancen. Kada ki karɓa a madadin biya. In an ba ki sidi 1,386 an mayar miki da naki ne kawai, mai makaranta ya tsira da nasa 234 na kowane wata, watannin kuma suna nan fayau. Fanshon SSNIT da watanni ake auna shi. Sai mutum ya cika wata 180, shekara 15 ke nan, kafin ya samu fansho na wata-wata idan ya kai shekara 60, ko ragagge daga 55. Wanda ya tsaya a 179 sai dai a mayar masa da abin da ya tara a dunƙule, shi ke nan. A wata 180 ana ba da kashi 37.5 cikin ɗari na matsakaicin albashin watanni 36 mafi tsoka, kowace shekara da ta ƙaru kuma tana ƙara kashi 1.125, har zuwa iyakar kashi 60. Ga wanda zai yi shekara 30 yana aiki, asarar wata 14 ragin kashi ɗaya da 'yan kai ne har ƙarshen rayuwa. Ga macen da aure ko renon yara ko komawa kasuwa zai iya katse mata aikin albashi, waɗannan 14 na iya zama su ne tsakaninta da 180. Fanshon naƙasa ma, Allah ya kiyaye, sharaɗinsa a samu gudummawar wata 12 a cikin wata 36 na ƙarshe kafin lalurar, kin ga ramin da ke kusa-kusa ya fi na da haɗari.

Dalilin da ya sa na ce ki cika takardarki tun daga farkon aiki shi ne, watan da ya nuna an biya ma yana iya zama da rami a cikinsa. Ki dubi albashin da aka rubuta a gaban kowane wata a sitatimen. Wasu masu aiki na cire kashi 5.5 a kan 1,800, su kai wa SSNIT rahoton 900. Wasu kuma tun a takardar albashi suke raba shi, gundari kaɗan, sauran duk alawus, tunda a kan gundari kaɗai ake lissafi. Na farkon ƙarya ce a rahoto, kuma jami'an SSNIT na bin bambancin kamar yadda suke bin watan da ba a biya ba. Na biyun kuwa ma'aikata da kansu kan yi murna da shi don abin da ke shiga hannu ya ɗan ƙaru. A lissafin kashi 37.5, wanda aka rubuta masa 1,800 zai karɓi 675 a wata, wanda aka rubuta masa 900 zai karɓi 337.50.

Kada ki jira sai kin bar aikin ko kin kusa ritaya. Makarantun kuɗi na rufewa, ana sayar da su, mai su na rasuwa magada su ce ba su san zancen ba, littattafan albashi su ɓace a wurin ƙaura. Bashin ba ya mutuwa don kin bar aiki, kuma ko makarantar ta rufe ki kai ƙorafin, ki ba da sunan da aka yi mata rajista da shi da sunan mai ita. Idan kamfani ne da ake karkasa kadarorinsa, a sanar da mai karkasawar a rubuce. Amma karɓa daga makarantar da ke buɗe, yara na shiga da fita, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ranar da aka ce miki an biya, kada ki tsaya a kan rasit. Mai aikin da bashi ya taru masa in ya kawo wani abu, kuɗin na iya tafiya kan tsofaffin watanni ko kan wasu ma'aikatan, naki su saura. Ki bar wata ɗaya ko biyu ya wuce, ki sake bugo sitatimen, a ofis ko ta shafin SSNIT na intanet ko manhajarsu ta waya, ki ɗora shi kusa da takardarki mai gida biyar, ki bi watanni 14 ɗin ɗaya bayan ɗaya kina duba abu biyu: watan ya cika, kuma albashin da ke gabansa 1,800 ne. Ki yi haka da na Tiya 2. Tunda kin je ofishin, ki ce a nuna miki sunayen magadan da kika rubuta ranar rajista, in an yi aure ko an haihu tun daga lokacin ki sabunta su a zama ɗaya.